Ƙa'idojin shiga ƙasa da na lafiya ga Amurkawa masu fita waje

Hukumomi biyu ne ke faɗa wa Ba'amurke abin da zai tarar idan ya bar gida: Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Washington, da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC da ke Atlanta a jihar Jojiya. Ta farko ke kula da fasfo da sha'anin tsaro, ta biyu kuma allurai da magunguna. Galibin aikinsu jan kunne ne. Ƙasar da za a je ita ke da wuƙa da nama, kuma sau da yawa ma'aikacin kamfanin jirgi ne ke fara mayar da mutum gida tun a wurin awon kaya.

Fasfon baligi yana aiki shekara 10, na yaron da bai kai 16 ba kuma shekara 5. Sai dai ƙasashe da dama ba sa karɓar wanda sauran wa'adinsa bai kai wata shida ba. Yankin Schengen na Turai wata uku yake nema bayan ranar fita, kuma zaman da ba biza bai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba. Da yake fasfon Amurka na buɗe ƙofofi da yawa, masu shi kan yi sakaci, alhali dokoki na sauyawa: tun 8 ga Janairun 2025 Birtaniya ke neman izinin intanet mai suna ETA, Brazil kuma ta dawo da biza a Afrilun shekarar. Najeriya da Ghana dama sai da biza. Koriya ta Arewa kuwa Amurka ce da kanta ta hana shiga da fasfonta tun 2017, in ba da izini na musamman ba.

Tun Janairun 2018 Ma'aikatar Harkokin Waje ke kasa ƙasashe mataki huɗu na gargaɗi: na 1 a kula kamar kullum, na 2 a ƙara lura, na 3 a sake tunani, na 4 kada a je. Akwai kuma rajistar STEP, wadda ta cikinta ofishin jakadanci ke aika wa matafiyi gargaɗi.

Ta fuskar lafiya, takardar da aka fi tsare mutum a kanta ita ce shaidar riga-kafin ciwon shawara, ɗan kati ruwan ɗorawa da ake cusawa cikin fasfo. A Amurka ba kowane asibiti ke yin allurar ba, sai cibiyar da aka ba hatimi, kuma katin da ba hatimi da sa hannu takarda ce kawai. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10: wanda aka yi wa allura ranar Juma'a ya sauka Akara ranar Litinin, a idon jami'in lafiya daidai yake da wanda bai yi ba. A da shekara 10 katin ke yi, amma daga 11 ga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai. Ghana da Nijar na nemansa daga duk baƙo. Afirka ta Kudu kuma daga wanda ya fito ƙasar da cutar take, ko da yada zango ya yi na sama da awa 12 a filin jirgi. Maniyyata Hajji da Umara suna da tasu: Saudiyya na buƙatar riga-kafin sanƙarau.

Zazzaɓin cizon sauro ba shi da kati, ba mai tambaya a kan iyaka, shi ya sa ya fi yin ɓarna. Kusan mutum 2,000 ake samu da shi a Amurka duk shekara, akasarinsu matafiya, kuma da yawansu masu zuwa ganin gida ne. Wanda ya tashi a Kano ko Kumasi ya yi shekaru a New York yakan ce jininsa ya saba da sauro, bai san cewa wannan kariyar tana gushewa ba. 'Ya'yansa haifaffun can kuwa ba su taɓa samun kariyar ba. Maganin kariya kowanne da ƙa'idarsa. Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba har kwana 7 bayan dawowa. Doxycycline kuma sai an ƙara mako huɗu, kuma a nan mutane suka fi gajiya su ajiye. Saboda irin wannan lissafi ne CDC ke cewa a ga likita aƙalla wata guda kafin tashi, a duba har da allurar ƙyanda.

Maganin da likita ya rubuta a Amurka yana iya zama haramtacce a wani wuri. Japan ta hana Adderall, maganin matsalar rashin tattara hankali, ko da takardar likita. Dabarar da aka saba ita ce a bar kowane magani cikin kwalbarsa ta asali mai sunan mai shi, a sa a jakar hannu. Inshorar tsofaffi ta Medicare galibi ba ta biyan jinya a waje, kuma ofishin jakadanci ba ya biya wa kowa kuɗin asibiti. Abin da yake yi shi ne ya nuna likita, ya sanar da dangi su aiko da kuɗi.