Damuwa da dogara ga Allah: tambayoyin masu bi mazauna Legas

Daga Agege zuwa Obalende, 'yan'uwa masu bi da suka zo daga Arewa sukan yi waɗannan tambayoyi bayan an tashi sujada, sau da yawa cikin raɗa.

Idan damuwa ta hana ni barci, bangaskiyata ce ta yi rauni?

A'a, kuma ina roƙon masu wa'azi su daina faɗa wa mutane haka. A lambun Gatsemani, daren da aka kama shi, Yesu kansa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yohanna cewa baƙin ciki ya cika ransa har kamar ya mutu, kamar yadda Markus 14:33-34 ya nuna. Annabi Iliya kuwa, bayan nasararsa a kan annabawan gunkin Ba'al a Dutsen Karmel, ya tsere wa Sarauniya Yezebel, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. A 1 Sarakuna 19 ba tsawa aka fara yi masa ba. Mala'ika ne ya tashe shi ya ci gurasa, ya sha ruwa, ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan nan Allah ya yi magana da shi a Horeb.

Yesu ya ce kada a damu da gobe. To ga mai gida yana neman kuɗin hayar shekara, ga iyaye a Kafanchan ko Mubi suna jiran aike. Yaya ke nan?

Tambayar tana da nauyi. Tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a Yunin 2022, aka kuma cire tallafin man fetur a Mayun 2023, 'yan'uwa da yawa sun ga abincinsu ya ragu. Amma mu tuna cewa maganar Matiyu 6:25-34 ba ga masu rumbu cike aka yi ta ba. Masu kamun kifi da manoman Galili ne suka ji ta, mutanen da suka san yunwa.

Yesu bai hana shiri ba. Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, hikimar kuma daga Allah ta zo. Shiri yana ƙarewa da aiki: ka shiga adashi, ka je ka sami mai gida tun wa'adi bai cika ba, ka gaya wa na gida gaskiyar abin da za ka iya aikawa. Damuwa kuwa lissafi ɗaya take maimaita maka da tsakar dare, ba ta ƙara ko sisi. Shi ya sa Yesu ya tambaya ko akwai wanda damuwarsa ta taɓa ƙara masa tsawon rai.

A aikace, yaya ake miƙa wa Allah damuwa?

Bulus yana ɗaure lokacin da ya rubuta Filibiyawa 4:6-7, saboda haka ba daga jin daɗi ya yi maganar ba. Ya ce a sanar da Allah kowace bukata cikin addu'a da roƙo, tare da godiya. Ka ambaci abin da sunansa: kuɗin makarantar yara, aikin gadin da ake shirin sallamarka, mahaifiya da ke kwance. Sannan ka tuna abin da Ubangiji ya riga ya yi maka, ka gode. Ka lura, alkawarin ayar shi ne salamar Allah za ta tsare zuciyarka, ko da amsar ba ta iso ba tukuna. Idan damuwar ta dawo da safe, ka sake miƙawa. Manna ma, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, kowace safiya ake fita tsintarta, ban da ranar Asabar.

Na yi addu'a, na yi azumi, amma abin bai sake ni ba.

Kada ka ɗauka kai kaɗai. Galatiyawa 6:2 ta umarce mu mu ɗauki nauyin juna. A gida akwai kawu da gwaggo, a Legas kuwa zumuntar mata, zumuntar maza da dattawan ikilisiya su ne danginka. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi.

Idan kuma makonni sun wuce ba barci, ba cin abinci, gaba yana faɗuwa ba dalili, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, ka ga likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Yaba. Zuwa can ba ya nufin hauka, ba kuma juya wa Allah baya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Ka roƙi fasto ko wani ɗan'uwa ya raka ka.