Yawan cin furosesa a muhallin tebur na kwamfuta

Muhallin tebur shi ne tarin manhajojin da ke zana abin da mutum yake gani a allon kwamfuta: tagogi, gumaka, sandar ayyuka da kibiyar linzami. A tsarin Linux waɗanda suka fi shahara su ne KDE, wanda Matthias Ettrich ya fara a 1996, da GNOME, wanda Miguel de Icaza da Federico Mena suka kafa a 1997. Idan komai lafiya, muhallin tebur ba ya cin wani abin kirki daga ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, muddin ba a taɓa komai ba. Ana cewa matsala ta faru ne idan kwamfuta tana zaune ba aiki amma fanka tana ta ƙugi, ƙasan laftof ya ɗau zafi, batir yana zuba, linzami kuma yana tafiya da ƙyar.

Gano mai laifi

Matakin farko shi ne buɗe top ko htop, manhajojin da ke jera abubuwan da ke gudana da ƙarfin da kowanne ke ci, a duba wace manhaja ce a saman jerin. A top, kashi 100 yana nufin ƙwaya ɗaya ce ta furosesa ta cika, don haka a na'ura mai ƙwayoyi huɗu ana iya ganin adadin ya haura 300 ba tare da wani kuskure ba.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata. Sunan da ke sama, galibi Xorg (manhajar da ke tafiyar da tsarin zane na X) ko gnome-shell (na GNOME) ko kwin (na KDE), ba lallai ba ne shi ya jawo matsalar. Tsarin X, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT a 1984, yana yi wa sauran manhajoji zane ne bisa buƙatarsu. Kamar ɗan dako yake a kasuwa: gumin a jikinsa, kayan na wani. Shafin burauza mai tallan da ke motsi, ko agogon da ke sabunta kansa kowace daƙiƙa, ko tagar da rubutu ke ta gudu a cikinta, duk suna iya sa Xorg ya hau sama. Shi ya sa rufe manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana kallon adadin ya fi kashe Xorg amfani, tunda kashe shi zai rufe duk tagogi har da aikin da ba a adana ba.

Direban katin hoto

Babban sanadi shi ne rashin direban da ya dace, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto. Muhallan zamani sun dogara da katin hoto wajen harhaɗa tagogi, inuwa da motsi. Idan direba bai loda ba, Mesa, manhajar da ke kula da zanen hoto a Linux, takan koma kan llvmpipe, wato furosesa ce za ta riƙa zana kowane ɗigo na allo da kanta. Umarnin glxinfo yana nuna sunan abin da ke yin zanen; in aka ga llvmpipe a maimakon Intel, AMD ko NVIDIA, to an kama bakin zaren. Wannan ya fi faruwa bayan sabunta kanel, wato zuciyar tsarin Linux, lokacin da direban NVIDIA bai ginu da sabon ba, da kuma a cikin kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin wata kwamfuta, irin ta VirtualBox, idan ba a kunna taimakon 3D ba.

Ƙare-ƙare da masu lissafa fayiloli

Tun fitowar GNOME 3 a 2011, ƙare-ƙaren da ake ɗora wa tebur da JavaScript ake rubuta su, kuma a cikin gnome-shell ɗin kansa suke gudana. Ɗaya ya lalace, laifin ya hau kan gnome-shell gaba ɗaya. Maganin shi ne a kashe su duka, a riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya. Idan tebur yana gudana a kan X11, wato tsarin X, ana iya sake tayar da gnome-shell ta danna Alt da F2 a rubuta r, amma wannan ba ya aiki a Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X, sai an fita an sake shiga.

Baloo na KDE da Tracker na GNOME (wanda yanzu ake kira LocalSearch) kuwa suna bin fayiloli ne don sauƙaƙa bincike. Cin furosesa da suke yi bayan an kwafo manyan jakunkuna ba abin damuwa ba ne. In ya ƙi ƙarewa, sai a ware musu jakunkunan da za su bi ko a sake gina rumbunsu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yawan mantawa: a buɗe sabon asusun mai amfani a shiga da shi. In matsalar ta ɓace, to daga saitin tsohon asusun take. In tana nan, a duba journalctl, umarnin da ke nuna saƙonnin da tsarin ke rubutawa, domin saƙon kuskure ɗaya da ke maimaita kansa ba tsayawa yakan nuna inda ciwon yake.

Zafi ma yana da hannu. Ƙura, musamman ta hunturu, tana toshe hanyar iska, furosesa ta rage gudu don kare kanta, sai ƙaramin aiki ya cinye kaso mai yawa. A Windows makamancin wannan shi ne dwm.exe, wanda ya zo da Vista, kuma can ma direban hoto ake fara dubawa. Tsohuwar na'urar da katin hotonta ba zai iya ɗaukar GNOME ko Plasma na KDE ba, gara a sa mata muhalli mara nauyi irin Xfce ko LXQt.