Me ake nufi da "aikin gwani" a wasan Dungeons & Dragons?

A wasannin da 'yan wasa ke zama gefen tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikin labari, ana jefa ƙwayar lido mai fuska 20 don a ga ko sara ya samu, akwai kalmar da ke yawan rikita sababbin shiga: mastawak, wato aikin gwani. Makami ne ko sulke da maƙeri ya fito da shi ba tare da aibu ba, tun daga zaɓen ƙarfe har zuwa wasa kaifi.

A dokokin Dungeons & Dragons bugu na 3.5 da ya fito a 2003, sihiri ba ya zama sai a kan irin wannan kaya. Dogon takobi na gama-gari zinariya 15 ne. Na gwani 315, kuma yana ƙara maki 1 wajen kai sara. Sai an mallaki wannan tukuna matsafi zai iya ɗora masa sihirin matakin farko, kuɗin ya tashi 2,315. Inda abin ke da ciwo shi ne ba a mayar da takobi aikin gwani bayan an gama ƙera shi. Jarumin da ya gaji takobin mahaifinsa, ya sha yaƙi da shi har kube ya koɗe, in na gama-gari ne, ko ya tara dukiya buhu-buhu ba zai ga wutar sihiri na ci a bakin takobin ba. Na fi son mai jagorantar wasa ya yi sassauci a nan, domin irin wannan takobi shi ne zuciyar labarin.

Wani wasan mai kama da wannan, Pathfinder, a bugunsa na biyu na 2019, ya bi wata hanyar. Ya kasa ƙarafa masu daraja, kamar azurfa, gida uku. Mai ƙaramin inganci yana ɗaukar hatimin sihiri har mataki na 8, matsakaici har na 15, mafi tsabta kuwa ba shi da iyaka.

Duk da haka, ni dai dokar aikin gwani ta bugu na 3.5 tana burge ni, saboda ta ba maƙeri daraja. Kafin a nemi matsafi, dole a fara neman wanda ya iya guduma da zuga-zugi, kuma sau da yawa neman nasa kaɗai kan cinye zaman wasa guda.