Zuwan Fada da mai ba sallama ba ce

A wani asibiti a nan Legas na ga wata baiwar Allah 'yar Agege ta tare ƙofar ɗakin da mijinta ke jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ta ce wa Fada, wato limamin Katolika da ya zo yi wa mijin addu'a da shafa masa mai mai tsarki: "Ka yi haƙuri, Fada, maigida bai kai nan ba tukuna." Tausayinta ya kama ni, domin yawancinmu 'yan Katolika da wannan tsoron muka tashi: wai ba a shafa wa mutum mai sai rai ya zo gargara.

Ba haka ba ne. A Littafi Mai Tsarki, Wasiƙar Yakubu 5:14-15 cewa ta yi a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a, su shafa masa mai, Ubangiji zai tashe shi. A 1963 Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika na duniya, ta fayyace cewa shafewar ba ta waɗanda ke bakin mutuwa kaɗai ba ce. Mai ciwo mai tsanani, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, wanda za a yi wa babbar tiyata, duk sun cancanta, kuma ana maimaitawa idan ciwon ya tsananta. Goshi da tafin hannu ake shafawa. Guzurin mai barin duniya daban yake, shi ne Jibi Mai Tsarki na ƙarshe, wato gurasar da aka keɓe a matsayin jikin Kristi.

Daga baya matar ta buɗe ƙofar. Yanzu mijin yana koyon tafiya da sanda.