Digiri ko sana'a? Amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Ɗalibai da iyaye suna ta aiko mini da tambayoyi iri ɗaya. Na tattara amsoshin a nan. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Shin digiri ya daina amfani?

A'a. Rahotannin OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashen da yawancinsu masu arziki ne, suna nuna cewa a ƙasashenta, masu ilimin gaba da sakandare sun fi waɗanda suka tsaya a sakandare albashi, kuma tazarar ta kai wajen rabin albashi. Amma wannan lissafin jimilla ne. Bai yi wa kowa alkawarin aiki ba.

Sana'a ba ta waɗanda karatu ya gagara ba ce?

Wannan maganar tana ɓata mini rai, kuma manya ne suka fi yaɗa ta. A Suwizaland kusan kashi biyu cikin uku na matasa koyon sana'a suke shiga bayan karatun dole. A Jamus akwai doka tun 1969 da ta tsara harkar: yaro yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran a aji, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa, a ƙarshe ya zauna jarrabawa. Sana'o'i sama da 300 ne aka amince da su. Duk waɗannan daƙiƙai ne?

Wane aiki ne ba ya yiwuwa sai da digiri?

Likita, lauya, mai haɗa magunguna da makamantansu. Lasisi ake nema, lasisin kuma yana bin takarda. In can ka nufa, ka koma ga littafinka.

Na ji manyan kamfanoni sun daina neman digiri.

Sun sanar, haka ne. IBM da Google sun cire sharaɗin daga guraben aiki da dama, jihar Maryland ta Amurka ta yi haka a ayyukan gwamnatinta a 2022, Pennsylvania ta bi sahu a 2023. Sai dai a 2024 wani bincike na makarantar kasuwanci ta Harvard da cibiyar Burning Glass mai nazarin harkar ɗaukar aiki ya gano cewa canjin bai shafi ko mutum ɗaya cikin 700 da aka ɗauka aiki ba. An goge sharaɗin a talla, mai tantancewa bai goge shi a zuciyarsa ba. Kada ku gina rayuwarku a kan sanarwa.

Ina shekara ta biyu a jami'a, na sami damar koyon aikin da zai fara kawo kuɗi nan kusa. In bar karatun?

Wannan ce tambayar da ba na iya yankewa kai tsaye, domin ban san halin gidanku ba, ƙanena.

Fara da abin da na tabbata: wanda ya fi kowa asara shi ne wanda ya kashe kuɗi da shekaru a jami'a ya fita ba takarda. Bai sami digirin ba, bai sami shekarun gogewa ba, wani ma da bashi a kansa. Saboda haka in saura maka shekara ɗaya ko biyu, kuma kana iya cin jarrabawa, kuma kuɗin bai fi ƙarfin gida ba, ni dai zan ce ka daure ka ƙarasa, ka riƙa koyon aikin lokacin hutu da ƙarshen mako. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Amma ba kowa ne ke cikin wannan hali ba. In kana ta maimaita darussa, ko kuɗin makarantar yana cinye abin da ƙannenka za su yi karatu da shi, ko fannin da kake karantawa ba kai ka zaɓa ba kuma ba ka ga ranar da za ka yi aiki da shi ba, to tsayawa don gudun surutun mutane ba hikima ba ce. Ko a nan ma, je ka tambayi hukumar makarantar ko za su ba ka izinin jingine karatu na shekara guda. Jami'o'i da yawa suna yi. Jinginewa ta fi ficewa, don in aikin bai zama yadda aka faɗa maka ba, kana da wurin komawa.

Akwai kuma abin da masu zuga ka ba za su faɗa ba. Masanin tattalin arziki Eric Hanushek da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2017 da ya nuna cewa masu horon sana'a sukan riga samun aiki a ƙuruciya, amma ratar tana raguwa da shekaru, har masu ilimin gama-gari su wuce su a wasu ƙasashe, saboda fasaha tana canzawa, abin da aka koya yana tsufa. Wannan ba hujjar ƙin sana'a ba ce. Yana nufin in ka shiga, ba ka gama karatu ba ke nan. Za ka riƙa sabunta hannunka har tsufa.

Kwas na wata shida a intanet ya isa?

Ya isa farawa. Mai ɗaukar aiki zai ce nuna mini abin da ka yi, ba takardar kammalawa ba.

'Yata ta ƙi jami'a, ta ce sana'a take so. Na kasa barci.

Ki kwantar da hankalinki, uwa. Yarinyar da ta san abin da take so ba ta ɓata ba. Ki tsaya kawai ta kammala sakandare da sakamako mai kyau, don da shi za ta iya neman jami'a ko bayan shekara goma.

Yaya zan gane wurin horo na gaskiya?

Tambaye su awa nawa za ka yi da kayan aiki a hannunka, wace hukuma ta amince da takardarsu, kuma ina ɗaliban bara suke aiki yanzu. Nemi biyu daga cikinsu ka yi magana da su kafin ka biya komai. In suka hana ka ganinsu, kada ka biya.