Dutsen kabarin da babu gawa a ƙarƙashinsa: abin da dokar Amurka ta tanada

A maƙabartun ƙananan garuruwan Amurka akan ga dutsen kabari wanda ba a binne kowa a ƙarƙashinsa ba. Ana gane shi da rubutun da ke kansa, domin yana farawa ne da kalmomin da ke nufin "don tunawa da", sannan sunan sojan da muƙaminsa da rundunarsa su biyo baya. Sashe na 2306 na kundi na 38 na dokokin tarayya ne ya ba Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ikon bayar da irin wannan dutse kyauta, idan ba a samu gawar ba, ko an kasa tantance ta, ko kuma an yi jana'izar a teku.

Sojan Amurka da ya mutu a teku yana fursuna a hannun Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ba a kuma samu gawarsa ba, ya shiga wannan tanadi kai tsaye. A ranar 24 ga Oktoban 1944 wani jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ya nutsar da Arisan Maru, jirgin dakon kaya da Japan ta cika da fursunoni kusan 1,800 ba tare da ta sa masa alamar da za ta nuna abin da yake ɗauke da shi ba, kuma waɗanda suka tsira ba su kai goma ba. Iyalan sauran ba su karɓi gawa ba sai takardar sanarwa. Yarjejeniyar Janiba ta uku kan fursunonin yaƙi, ta 1949, ta zo daga baya, inda sashe na 22 ya ce a kan tudu kaɗai za a tsare fursuna, sashe na 120 kuma ya wajabta a binne shi cikin mutunci a sa wa kabarinsa alama, abin da teku ba ta bar wa waɗannan mutane ba.

A ganina, muhimmin abu shi ne dokar ba ta taƙaita dutsen ga maƙabartun gwamnati ba. Iyali suna iya neman a kafa shi a maƙabartar garinsu, kusa da iyayen mamacin. Dangi ko wakilinsu ne ke cike fom mai lamba 40-1330, hukumar maƙabartar ta sa hannu cewa ta amince a kafa shi. Gwamnati ce ke biyan kuɗin sassaƙa da na aikowa, amma a maƙabarta mai zaman kanta kuɗin girka dutsen yana wuyan wanda ya nema.