Shin Jahilci Ne Ke Hana Iyaye Mata a Karkara Ciyar da Yara Abinci Mai Gina Jiki?

An daɗe ana ɗora laifin tamowar yara a karkara kan rashin sanin iyaye mata, ana ganin cewa tun da manoma ne, abinci na nan a rumbu, wayar da kai kawai ya rage. Wannan fahimta ba daidai ba ce, kuma tana zaluntar matan da ke iya bakin ƙoƙarinsu.

Abin da ƙaramin manomi ke nomawa galibi hatsi ne, wanda ke cika ciki amma ba ya wadatar da yaro da sinadarin ƙarfe da sauran abubuwan gina jiki. Cikin yaro ɗan wata shida ƙarami ne ƙwarai, 'yan cokula kaɗan ke cika shi, don haka dole kowane cokali ya zo da amfani, kuma irin wannan abinci, wato ƙwai da madara da kifi da nama, shi ne mafi tsada. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa lafiyayyen abinci ya ninka na cika ciki kawai kusan sau biyar a tsada, kuma fiye da mutum biliyan 3 ba su da halin sayensa.

Uwar da ta ɗauki ƙwan kajinta ta kai kasuwa ta san amfaninsa sarai. Lissafi ta yi: kuɗinsa zai sayo hatsin da zai ciyar da gida duka, musamman lokacin da rumbu ya ƙare kafin sabon amfanin gona ya nuna. Nasiha na da amfani, amma ba ta isa ba matuƙar abin hannun iyali bai ƙaru ba.